Garin Neman Gira: Motarmu da Tsumman Hunturu

Ga Nuwamba ya kama, leɓe ya fara tsagewa, tsofaffi sun fara neman man kaɗanya. To, mu da muke cin abinci da mota, akwai wata fatar da ya kamata mu tuna da ita ban da tamu, kuma sai da muka yi asara muka san haka.

Mu biyu ne, wa da ƙane, muke karɓa-karɓa a kan tasi guda a nan Kumasi. Babban yayanmu da ke aiki a Hamburg ta Jamus shi ya aiko da ita a shekarar 2017, muka je Tema muka fito da ita, aka fesa mata rawaya a kusurwa huɗu kamar yadda ake yi wa kowace tasi a ƙasar nan. Sharaɗinsa ɗaya ne: a ci abinci, a sayi maganin tsohuwarmu, a biya kuɗin makarantar yara, in ta yi shekara uku a sayar a ƙaro kuɗi a sayi babba. Wato dai amana ce mai ƙafa huɗu.

Mu kuwa sai muka ɗauka riƙon amana shi ne kada a ga ƙura a jikinta. Da hunturu ya shigo, kullum bayan sallar asuba sai mu miƙa wa yara tsumma su goge ta tas. A tasha ma, da zarar fasinja ya yi wuya, tsumma muke ɗauka. Ran Juma'a kuma a wanke ta da garin sabulun wanki a bokiti guda. Maƙwabta a Aboabo suna ta yabon tsabtarmu, mu kuma muna ta hura hanci.

Hunturu biyu kacal ta yi a haka. Ranar nan rana ta haske ta sosai, sai muka ga jikinta duk zane-zane kamar saƙar gizo-gizo, baƙin ya koma toka-toka, ga tsatsa ta ɓullo a gindin ƙofa da bakin taya. Wani da ya daɗe yana zawarcinta ya zo ya zagaya ta sau ɗaya, ya yi tayin da har yau ba mu iya faɗa wa tsohuwa ba.

Muka kai ta Magazin ta Suame wajen wani dattijo mai feshin fenti. Ya shafa bayan hannu a kan bonet, ya ce, "Samari, wa yake goge motar nan?" Muka ce, "Mu ne, Baba, kullum ba fashi." Ya ce, "Ai na gani. Iska ta kawo yashi, ku kuma kuka kawo hannu."

Daga nan ya karanta mana. Fentin mota hawa-hawa ne: akwai na ƙasa mai kama ƙarfe, sai mai launi, sai wani garai-garai a sama wanda shi ne sheƙin. Dukkansu in an haɗa, kaurinsu bai fi na takarda ɗaya ba sai kaɗan. Ita kuwa ƙurar hunturu, mai yawa daga cikinta tana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda ruwan Tafkin Chadi ya taɓa kaiwa a zamanin da, kuma asalinta ɗaya da yashi da gilashi. A hanya ta haɗu da jar ƙasar titunanmu. Muddin tana kwance a kan mota, ɓarnarta kaɗan ce. Amma da ka ɗora busasshen tsumma ka murza, ka mai da ita sanfefa. Garin sabulun wanki kuma aikinsa cire maiƙo, saboda haka yana tafiya da duk man da ke kare fentin.

Da muka buga wa Yaya waya, jiki a sanyaye, sai ya ƙara mana da abin da ba mu sani ba. Ya ce a can in dusar ƙanƙara ta sauka, gishiri ake watsa wa tituna don ta narke, ruwan gishirin nan kuwa shi ke cin ƙarfe. Don haka mai hankali tun Oktoba yake wanke motarsa, ya toshe duk inda tsakuwa ta ɓantare fenti, ya shafe ta da kaki, sa'an nan ya riƙa wanke ƙarƙashinta har sanyi ya wuce. Ashe motarmu ta yi shekaru tana shan wannan gishiri, mu kuwa ba mu taɓa durƙusawa mun leƙa cikinta ba. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ku da kuke da hunturu, me ya hana ku shirya masa?" Wannan tambaya ta fi zagi ciwo.

Kwana tara motar ta yi a garejin Baba, kwana tara ba ko sisi, ga kuɗin aiki. Tun daga lokacin ga yadda muke yi. A farkon Nuwamba muna wanke ta a inuwa, mu fara kwarara ruwa ya sauke ƙura kafin soso ya taɓa ta. Bokiti biyu muke ajiyewa, ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraye soso, kuma daga rufi muke farawa mu sauko. Duk ɗan ɓantare, ko bai fi ƙwayar gero ba, sai mun ɗiga masa fenti, don nan ruwan farko na Maris zai samu ƙofa. Bayan haka mu shafa kakin mota siriri, ya bushe, mu goge da tattausan ƙyalle mai tsabta, mu maimaita a ƙarshen Janairu. Ba ma rufe ta da tamfol alhali da ƙura a jikinta, domin iska za ta yi abin da tsumma ya yi. Kashin tsuntsu kuwa, da na jemagun nan na gidan namun daji kusa da Kejetia, ba ma barinsa ya kwana. Ruwa muke zuba masa ya jiƙa ya sauka da kansa.

Abin da ya fi wuya ba aikin ba ne, haƙurin ne. Ruwa yakan yi tsada da rani, ba kullum ake samun na wanki ba. A irin wannan rana gilashi da fitilu kaɗai muke ɗaurayewa, mu fita da ita ja wur. Abokan tasha suna tsokana, yara suna rubutu da yatsa a bayanta, mu roƙe su su daina. Wata hajiya ma ta taɓa cewa, "Direba, ba ka da tsumma ne?" Muka ce, "Hajiya, muna da shi, shi ya sa muke tsoronsa."

Motar tana nan, babba dai ba a saya ba tukuna, amma tsatsar ba ta dawo ba. 'Yan uwa direbobin Zango, kafin hazo ya rufe gari, ku ɓoye tsumman nan inda yara ba za su gani ba. Allah ya tsare mu a hanya, ya sa wa nema albarka, amin.