Lokacin da Talabijin Ɗaya Ke Isar Unguwa

A farkon shekarun 1980, lokacin Haɗeja na cikin Jihar Kano, tun daga nesa ake gane gidan da ke da talabijin, saboda doguwar eriyar da aka ɗaure a kan gora tana laluben tashar Kano. A layinmu gida ɗaya ne. Tasha ba ta buɗewa sai la'asar, mu kuwa yara ba ma shiga sai an idar da isha'i an ci tuwo. Mu zube a tabarma, maigidan na kan kujera, hannunsa dab da makunni.

Samanja da Karkuzu sun sha ba mu dariya. Amma da zarar an sako kokawar Turawa, ko fim ya kai wurin zubar da jini, sai mu ji, "To 'ya'yan nan, a tashi, dare ya yi." Ba mai musu.

Bidiyo ce ta fara kwance wannan tsari. Gidajen kallo suka buɗe, da 'yan sulalla yaro ya sha Bruce Lee da Rambo ba babba a kusa. Da rani, in ruwa ya janye daga fadama, yashin bakin kogi ya zama fagenmu: kowa akta, ba mai yarda ya zama bos. A nan ƙanena ya yi tsallen kareti ya tashi da karaya. Daga gidan mai ɗori Inna ta soke kuɗin kallo har faɗuwar damina.

Hukuma ta biyo sawu. An kafa NBC mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin a 1992, sai hukumar tace fina-finai ta ƙasa a 1993. Amma kafin doka ta iso, kaset ya riga ya shige ɗaki.

Ba fim ne ya fara ba mu tsoro ba: a tatsuniyar kaka ma akwai Dodo mai cin mutane. Sai dai tana ba da ita tana duban idonmu. In ta ga tsoro ya yi yawa, ta sako Gizo mu yi dariya.

Shekaranjiya na tarar da jikana ƙudundune cikin bargo, ƙarar bindiga na fita daga wayar uwarsa. Har na buɗe baki zan ce dare ya yi, sai na zauna bakin katifar.

"Matso, ɗan nan. Wane ne aktan?"