Dodon Silima da Kazar Baffa

Ranar wata Asabar cikin daminar da ta wuce na kai iyalina Agege domin gaida dangi, kamar yadda na saba tun da aiki ya raba ni da unguwar. Muna zaune a rumfar Baffana, ƙanen mahaifina, wanda ya shekara fiye da 30 yana sayar da kaji da zabi da talo-talo a bakin kasuwa, sai 'yata mai shekara 8, wadda nake kira uwata saboda sunan mahaifiyata gare ta, ta miƙo mini waya. Wani guntun silima ne yaran maƙwabta suka nuna mata, inda wasu dodanni biyu masu tafiya da ƙafa biyu suke farautar yara a ɗakin girki. Ta ce, "Abba, wannan wace irin dabba ce?" Ban yi wata-wata ba na ce ai ƙadangaren zamanin da ne, babban yayan damo da guza. Na faɗa da ƙarfin zuciya irin na uba, kuma irin na ɗan jarida, waɗanda dukansu biyu ba su son a ji sun ce ban sani ba.

Baffa yana figar wani zakara, ya leƙo ya duba, ya ce, "A'a, ɗan nan. Ƙadangare da ciki yake ja, ƙafafunsa a gefe. Wannan kuwa dubi yadda yake taka ƙasa yana kaɗa wuya. Tafiyar zakara ce." Na yi dariya. Ni ne mai difloma a aikin jarida, shi kuwa bai taɓa zama a ajin boko ba. Amma maganar ta tsaya mini a rai, har da na koma ofis ran Litinin na zauna na bincika, abin da ya kamata in yi tun shekara 25 da suka wuce.

Domin kuwa ni da wannan dodo mun daɗe da sanin juna. Wajen 1999 na fara ganinsa, a wani gidan kallo na langa-langa kusa da titin jirgin ƙasa, ba nisa da Pen Cinema, inda akan jera mu a benci, janareta na ruri a waje, kaset kuwa ya sha kallo har hotonsa ya dusashe. Da kuɗin figar kaji a rumfar Baffa na biya na shiga. Sunan silimar Jurassic Park, wadda Steven Spielberg ya yi a Amurka cikin 1993. Ba mu jin Turancinsu, kuma ba mu bukatar ji. Lokacin da dodon ya murɗa hannun ƙofa ya shigo, yana ƙwanƙwasa daɓe da ƙumbarsa, wani babban yaro da muke tsoro a unguwa ya shige ƙarƙashin benci. Na yi mako guda ina tokare ƙofar ɗakinmu da turmi.

To, ga abin da na samu. Dabbar da silimar ta kira Belosirafta, watau ɓarawo mai sauri, lalle ta yi zamani a duniya, tana cikin jinsin da masana suke kira dainoso. An fara tono ƙasusuwanta, waɗanda suka riga suka zama dutse, a hamadar Gobi ta ƙasar Mongoliya cikin 1923, aka raɗa mata suna a 1924. Ta rayu wajen shekara miliyan 75 da suka shuɗe. Sai dai ba ta kai ko kusa da girman da aka nuna mana ba. Tsawonta daga baki zuwa ƙarshen wutsiya wajen mita 2 ne, rabinsa kuwa wutsiya ce. Tsayinta bai wuce cinyar mutum ba, nauyinta kuma wajen kilo 15. Watau dai babban talo-talo irin wanda Baffa yake kiwatawa domin Kirsimeti. Wanda ya rubuta littafin da aka ɗauko labarin daga ciki a 1990, Michael Crichton, siffar wata 'yar'uwarta ya ara, wadda ta fi ta girma, mai suna Dainonikus, sa'an nan ya liƙa mata sunan ƙaramar domin ya fi daɗin faɗi. Masu silima kuma suka ƙara mata tsayi.

Babban abin da ya girgiza ni shi ne fatar. A silima fata ce mai kaushi irin ta kada. A gaskiya kuwa gashin tsuntsu ne ya lulluɓe ta. Duk wanda ya taɓa figar talo-talo ko ungulu ta mutu a gabansa ya duba, ya san cewa manyan gasun fiffike ba a fata kaɗai suke ba, suna kafe ne jikin ƙashin hannu, har akan ga 'yan ƙulli-ƙulli a jere inda suka kama. Cikin 2007 masana a Amurka suka sake duba wani ƙashin hannun Belosirafta, suka tarar da waɗannan ƙulle-ƙullen a jere. Ashe fiffike gare ta, ko da yake ba ta tashi, kamar jimina. Hannun ma ba ya kifuwa ƙasa yadda zai murɗa ƙofa. Tafukan suna fuskantar juna ne kamar mai shirin tafi, su naɗe jikin haƙarƙari kamar yadda kaza take naɗe nata. Na tuna turmin da na riƙa turawa bakin ƙofa, na ji kunyar kaina.

Ƙumbar nan kuwa mai kama da lauje, wadda ke yatsa na biyu na kowace ƙafa, gaskiya ce. A 1971 an tono wata Belosirafta a Mongoliya rungume da wata dabba mai cin ganye, ƙumbarta a wajen wuyan abokiyar faɗan, ita kuma waccan ta datse mata hannu da baki. Rairayi ya binne su a haka. Amma masana da yawa yanzu suna ganin ba farke ciki take yi da ita ba, kamar yadda aka tsorata mu. Danne abin farauta take yi ta kafa masa ƙumba, tana kaɗa fiffike don kada ta faɗi, tana yagar nama da baki. Duk wanda ya ga shaho ya sauka kan ɗan tsako a bayan gida ya riga ya ga irin wannan aiki.

Yadda aka gano dangantakar ma labari ne. Tun 1861 aka tono wani tsuntsu a Jamus, wanda ya rayu wajen shekara miliyan 150 da suka wuce, mai fiffike sosai amma da haƙora a baki, da ƙumba a fiffike, da doguwar wutsiya mai ƙashi. Wani masani Bature, Thomas Huxley, ya ce tsuntsaye da dainoso dangi ne, amma maganar ta kwanta shekaru da yawa. Sai a 1964 John Ostrom na Jami'ar Yale ya tono Dainonikus a jihar Montana ta Amurka, ya gwada wuyan hannunta da na wancan tsohon tsuntsu, ya ga kusan ɗaya ne. Aka yi ta gardama da shi. A 1996 wani manomi a lardin Liaoning na ƙasar Sin ya fasa dutse ya tarar da ƙaramar dainoso da shatin gashinta kewaye da ita, bayanta kuma irinta suka yi ta fitowa, har da mai fiffike huɗu. Gani ya kori ji. Ƙashin nan mai baki biyu kamar gwafa da ke ƙirjin kaza, an same shi a ƙirjin Belosirafta. Ƙasusuwa masu rami a ciki, da yatsu uku a gaba, da ƙwai, duk sun zo ɗaya.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa Belosirafta ce ta haifi kaza. Tsuntsaye sun riga ta zuwa duniya da miliyoyin shekaru. Abin da masana suke faɗi shi ne tushensu ɗaya, suka rabu, kamar 'ya'yan wa da ƙane. Gashin ya riga tashi sama zuwa: da farko domin ɗumi ne da ado da rufe ƙwai, daga baya wani reshe na dangin ya ƙanƙance, hannunsa ya yi tsawo, ya tashi da shi. Sa'ad da wani ƙaton dutse ya faɗo daga sama a yankin Yukatan na Meziko, shekara miliyan 66 da suka wuce, sauran duka suka ƙare, wannan reshe kaɗai ya tsira. Shi ne ya yaɗu ya zama iri fiye da 10,000 da muke gani yau, daga tsada zuwa mikiya.

Na san akwai waɗanda za su ɗaga gira da jin wannan, ni ma na yi ta juya shi a zuciyata. Ni ba malami ba ne, abin da ƙashi ya nuna nake ba da labari. Da na kai wa Baffa maganar ina ɗari-ɗari, sai ya ce, "Wanda ya fitar da ɗan tsako daga ruwan ƙwai cikin kwana 21, me zai gagare Shi?" Ya ci gaba da aikinsa.

Akwai wata 'yar dangin da labarinta ya fi taɓa ni, saboda sana'ata. A wannan tafiya ta 1923 aka tarar da ƙasusuwanta kan sheƙar ƙwai, aka yanke hukunci cewa sata ta zo yi, aka sa mata suna Obirafta, watau ɓarauniyar ƙwai. Sai bayan shekara 70, cikin 1993, aka sami irin wannan ƙwai da ɗan tayin jinsinta a ciki, aka kuma sami wata zaune kan sheƙa ta baza hannuwa ta rufe ƙwai. Ashe uwa ce take kwanci har mutuwa ta same ta. An wanke ta, amma sunan yana nan, domin ƙa'idar masana ba ta yarda a canja ba. Mu ma a ɗakin labarai mun san haka: kanun labari a shafin farko da manyan baƙaƙe, gyara kuwa a lungun shafi na 14.

Dole in yi wa silimar 1993 adalci. An yi ta kafin binciken ƙasar Sin, kuma a cikinta ma akwai masanin da yake ta nanata cewa dabbobin nan dangin tsuntsu ne. Waɗanda ba su da uzuri su ne na baya. A 2015 aka fito da Jurassic World, shekara 8 bayan an ga gurbin gashin a ƙashi, amma aka dawo da dodon tsirara kamar jiya, aka fake da cewa ai a cikin labarin an gauraya jininsa da na wasu dabbobi. Sai a 2022 suka yarda suka nuna wani ɗan'uwansa da gashi. Dalilin a fili yake: jama'a sun saba da fuskar, fuskar kuma ita ce take kawo kuɗi.

Mu Hausawan Ikko ba baƙin wannan al'amari ba ne. Kakanninmu fataucin goro da shanu ya kawo su Agege, a cikinmu akwai malamai da likitoci da lauyoyi da manyan 'yan kasuwa, da waɗanda suka fi wasu Yarabawan iya Yarabanci. Amma in ka kunna silimar Kudu, sau da yawa Bahaushe maigadi ne mai gurguwar magana, wanda aka ajiye domin a yi dariya. Ranar da na fara aiki, wani abokin aikina, ba da mugunta ba, ya yi mamakin jin Turancina. Hoton da ya gani tun yana yaro ya riga ni isa wurinsa. Ban taɓa zaton ni ma ina ɗauke da irin wannan hoto game da wata halitta ba.

Abin da ya ƙara mini takaici shi ne na san dodon Mongoliya da na Amurka, ban san na bayan gidanmu ba. A 1993, shekarar da silimar ta fito, Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya tono wata dainoso mai cin nama a yankin Ingal na jihar Agadas, aka kira ta Afrobenata, maharbin Afirka. A 1997 ya tono wata a Gadufawa cikin hamadar Tenere, mai tsawon wajen mita 11, da dogon baki irin na kada domin kamun kifi, da ƙatuwar ƙumba a babban yatsa. Ita ce Sukomimus. Dangin nesa ne na Belosirafta, masu tafiya da ƙafa biyu. Kafin shi, Bafaranshe Philippe Taquet ya yi aiki a Gadufawa tun shekarun 1960, kuma ƙasusuwan dainoso suna nan a gidan tarihin ƙasa na Bubu Hama a Yamai, mota za ta kai mutum daga Sakkwato. A ƙasar Sakkwato kanta, wajen Goronyo, an tono wani ƙaton ƙadangaren teku, wanda masanan Italiya suka raɗa wa sunan garin a 1972, domin a wancan zamani teku ce ta rufe wurin. Shi ba dainoso ba ne, shi ne ma ainihin ɗan'uwan damo da guza da na laƙaba wa wata. Na yi firamare da sakandare da kwaleji, ba wanda ya taɓa ambata mini ko ɗaya daga cikinsu.

Bayan mako biyu na koma Agege da hoton Belosirafta kamar yadda masana suke zana ta yanzu, na buga shi a takarda. Na zaunar da uwata na ce mata na yi kuskure rannan, Kaka ne ya faɗi daidai. Ta karɓi takardar ta duba, ta duba kejin talo-talo, sa'an nan ta je ta tsuguna tana kallon ƙafar wani zakara da aka ɗaure, da ɓawo-ɓawonta da ƙumbobinta, ta daɗe ba ta ce komai ba.

Baffa ya goge hannu a zanen da ke kafaɗarsa, ya karɓi takardar ya nisanta ta da idonsa. Ya tambaye ni kilo nawa na ce, na ce 15. Ya ce, "To, amaryata, zo ki gani. Wannan in an kawo mini ita, yara biyu zan sa figa, kuma sai an fara ɗaure ƙafar nan tukuna." Ta ce ita dai ba za ta ci ba. Ya ce ai ta riga ta ci ƙanwarta da shinkafa ɗazu da rana.