Zurfin Ruwa

Ni mutumin Karshi ne, garin Gwandara da ke gefen Abuja, wanda duwatsu suka kewaye. Muna yara, idan damina ta kankama, mukan tafi wani gurbin ruwa a gindin dutse, mu riƙa hawa da hannu da ƙafa, ba igiya. Duk wanda hannunsa ya suɓuce sai ya faɗa ruwa tsundum, mu bushe da dariya.

Sai da na girma na ji cewa a wasu ƙasashe manya ne ke wannan wasa a bakin teku. A shekarar 2006 wani Ba'amurke, Chris Sharma, ya haye dutsen Es Pontàs da ke tsaye cikin Bahar Rum, kusa da tsibirin Mayorka na ƙasar Sifen, bayan ya faɗa ruwa sau da dama. Sai dai su ba sa hawa sai sun tabbatar da zurfin ruwan, domin shi ne igiyarsu.

Mu kuwa ba ma aunawa. Wata rana da kaka ƙanena ya ce, "Yaya, ruwan nan fa ya janye." Na kira shi matsoraci a gaban abokaina. Ya hau, ya faɗo, ƙafarsa ta karye a kan dutsen da ruwa ya ɓoye. Ni na goyo shi har gida.

Har yau yana ɗingishi, kuma bai taɓa yi mini gori ba. Hausawa sun ce da-na-sani ƙeya ce. Duk sa'ad da muka tafi masallaci tare, nakan rage sauri don mu jera.