A Ba Tafashiya Wuri a Gidajen Maitama

Jama'ar Maitama, a duba tsakar gidajenmu. Daga titin Gana zuwa Aguiyi Ironsi, kusan duk gidan da ka leƙa an malale shi da intalok, sai doguwar bishiyar nan siririya 'yar asalin Indiya da ake jerawa a jikin katanga. Tsayi gare ta, amma ba ta da inuwar da mutum zai shimfiɗa tabarma. In zafin Maris ya kankama, kowa sai ya koma ɗaki ya kunna na'urar sanyi.

Alhali ƙasar nan tana da nata itatuwan tun kafin a dawo da babban birni Abuja a 1991. Ɗaya daga cikinsu ita ce tafashiya, wadda ke fitowa da kanta a bakin rafi da fadamu. Ganyenta ya fi tafin hannu faɗi, kore shar mai sheƙi, yana fitowa biyu-biyu. Da damina ta faɗi sai ta yi fure fari dunƙulalle kamar ƙaramin lemo, tsinkaye sun fito ta kowane gefe, ƙamshi na tashi, ƙudan zuma na kai da komo. 'Ya'yanta ja ne in sun nuna, ana ci, tsuntsaye ma na so. Iyayenmu sun san saiwarta mai ɗaci wajen maganin zazzaɓi da ciwon ciki.

Renonta ba wuya. A dasa a Afrilu ko Mayu. A cire intalok a buɗe mata ƙasa sosai, a gauraya da takin gargajiya, a nisanta ta da katanga da ramin sokawe. Tana son laima, saboda haka a riƙa ba ta ruwa a ranin farko. Halinta ne ta bazu ta sunkuyar da rassa, don haka a zaɓi reshe ɗaya mai ƙarfi a kafa masa sanda, a riƙa rage na ƙasa har ta miƙe.

Abin da ke damuna shi ne yaranmu. Yaro ya tashi a Maitama ya san sunan furannin Turai, bai taɓa ganin tafashiya ko kalgo ko sansami ba.

Don Allah, masu gida, a nemi tafashiya wurin masu sayar da dashe a bakin titi. In masu nema suka yi yawa, za su fara renonta. Duk abin da tsuntsu ko mutum ya ci daga shukarka sadaka ce. Daminar bana a dasa ko da ɗaya ce.