Inuwar Nasarawa Da Kuɗin Dashen Bishiya

Uwargida, in kin samu sarari wata yamma, ki ja yara ku zaga Nasarawa GRA. Ki faro daga Gidan Ɗan Hausa, ki bi layukan nan masu tsofaffin darbejiya. Ko da bazara za ki ji iska ta sauya. Sai dai ki lura, duk inda aka yanka tsohon fili aka tada bene, bishiya ce ke fara faɗuwa.

Gidan Gwamnati yana nan kusa, kuma can ya kamata tambayarmu ta je. A 2021 Bankin Duniya ya amince wa Najeriya da dala miliyan 700 na shirin ACReSAL don farfaɗo da ƙasar da ta lalace a Arewa, Kano na ciki. Rance ne fa, 'ya'yanmu za su biya. To nawa ya isa Makoɗa da Ɗambatta, inda hamada ke cin gonaki? Bishiya nawa ta rayu bayan an watse daga bikin dashe?

Bankin yana wallafa adadin kuɗin da ya fitar a intanet. Ki sa 'yarki ta buɗo miki a waya ku duba tare, sannan ki aika tambayarki gidan rediyo.