Jirgin da muka ƙera a Zabori

A shekarar 2023, da aka koma makaranta bayan damina, wata yarinya a ajina na CM2 ta tambaye ni abin da ya sa kuɗin shinkafa ya tashi. Na ce mata gadar Gaya da Malanbil a rufe take tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kayan da jiragen ruwa ke saukewa a tashar Kwatano ba su iso mana. Sai ta ce, "Mushe, jirgin ya fi kwale-kwalen Gaya girma?" Na buɗe baki zan ba da amsa, sai na tuna ni ma a hoto kawai na taɓa ganinsa.

Shi ya sa na ce mu ƙera namu.

Akwai wani yaro a benci na ƙarshe da na riga na yanke wa hukunci a zuciyata. Rabawa ta gagare shi. Sau biyu ina ƙwace masa motar kara a cikin aji, kuma ɗaya daga ciki, Allah Ya yafe mini, na taka ta a gabansa. Shi ne ya zo da guntun tsohon kwanon rufi, ya bubbuge shi da dutse har ya miƙe, ya lanƙwasa shi ya fitar da ƙirjin jirgi, muka toshe mahaɗan da kwalta.

Sharaɗina ɗaya ne: ba a yanka komai sai an yi lissafi. Mun ɗauki jirgi mai tsawon mita 200, muka ce kowane abu za a raba shi gida 200, wato namu zai zama mita 1. Babbar kwantena tana da tsawon mita 12 da 'yan kai, faɗinta kusan mita 2 da rabi. Nawa za ta koma? Yara suka yi tsit. Daga baya can na ji an ce, "Santimita 6." Ban yarda shi ne ba sai da na sa ya maimaita. Ya ƙara da cewa kwalin ashanar da na kawo ya yi faɗi da yawa, totuwar karan dawa ce za ta dace in an fere ta. Na auna, gaskiyarsa ce. Kwana uku suna fere totuwa suna rina ta da shuɗi da jar ƙasa. Tashar kuwa da laka muka gina ta, da injin ɗaga kaya na waya.

Ranar gwaji muka kai shi komin shayar da shanu a bakin rijiya. Ya yi iyo, yara suka yi sowa. Muna jera masa kaya hawa huɗu sai ya karkace ya kife. Yaron nan ya tsamo shi, ya zuba yashi a cikinsa daga ƙasa, ya mayar. Ya zauna daram. Abin da manyan jirage ke yi ke nan, sai dai su ruwan teku suke ɗura wa cikinsu. Na nuna musu yadda ake zana layi a jikin jirgi, wanda in ruwa ya haura shi lodi ya yi yawa. Ingila ta mai da shi doka tun 1876, bayan jirage sun yi ta nitsewa da mutane.

A makon ne mahaifinsa ya same ni. Yana so ya cire shi ya tura shi Gaya wajen ƙanensa, don a lokacin dako a bakin kogi na kawo kuɗi, kowa da kwale-kwale yake tsallakawa.

"Malam, wasa ai yana yinsa a gida," in ji shi.

Ban yi musu ba, domin na san halin da rumbunsa ke ciki. Na dai kira yaron, na ce ya gaya wa babansa tsawon jirgin gaske in namu mita 1 ne. Ya faɗa, ya kuma auna da taku daga ƙofar aji har ya wuce rijiya, uban na biye da shi.

Da suka dawo, dattijon ya daɗe yana jujjuya totuwa ɗaya a hannunsa. Ya ce zai bar shi zuwa ƙarshen shekara, daga nan kuma a gani.