'Yan Makaranta A Ƙasar Dusar Ƙanƙara

Da yawa daga cikinku, musamman 'yan makaranta, kun aiko da takardu kuna tambaya yadda yaran Amurka ke zaman makaranta lokacin sanyi, da kuma ko gaskiya ne a can ba a hukunta yaro kome ya yi. To, yau ga amsa, gwargwadon abin da idona ya gani cikin wata 3 da na yi a jihar Fensilbaniya, daga Disamba zuwa farkon Maris, inda aka aike mu mu ga yadda su ke koyarwa.

Ita Fensilbaniya tana arewa maso gabashin Amurka. Wani Bature mutumin Ingila, Wiliyam Fen, shi ne Sarkin Ingila ya ba ƙasar a shekarar 1681, sunan gidansu kuwa ta ci. Mazaunin gwamnatinta Harisbag ne, amma Filadelfiya ta fi girma, can ne kuma aka yi shelar 'yancin kan Amurka a 1776. Ni dai ba a birni aka sauke ni ba. An kai ni wani ɗan ƙaramin gari ne cikin duwatsun gabashin jihar, inda a da a ke haƙar kwal irin na Inugu. Yawancin ramukan an daɗe da rufe su, amma har yanzu ga tsibin baƙar ƙasa nan kamar tuddai a bayan gari. Gidajen kuwa a jere su ke, bango manne da bango. A gidan wata dattijuwar malama na zauna, makarantarsu ta sakandare kuma na ke zuwa kullum.

Kai, jama'a, sanyi dai iri iri ne! Wadda ta yi kukan hunturu a Kano ko Jos, in ta je can sai ta ce ashe da wasa a ke yi. Su da ma'aunin Farenhait su ke auna zafi, a kan 32 kuwa ruwa ke daskarewa. To, cikin Janairu sau da yawa da dare ma'aunin ya kan sauka ƙasa da 20. In ka yi numfashi sai ka ga tururi na fita daga bakinka, in ka shanya rigar wanki a waje ta bushe ƙiƙam kamar ƙirgi. Rana kuma ba ta jimawa. Cikin Disamba ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 7, kafin ƙarfe 5 na yamma ta faɗi. Azahar da la'asar da magariba sai su zo kusan bi da bi, dole mutum ya riƙa duba agogo.

Dusar ƙanƙara kuwa ba kamar ƙanƙarar da ke zubo mana da ruwan bazara ba ce. Ba ta da ƙara ko kaɗan. Tana saukowa ne a hankali kamar audugar rimi, ka kwanta gari baƙi, ka tashi ko'ina fari fat, har a rasa inda hanya ta ke. Tun da asuba manyan motoci masu baki kamar garma su kan fito suna ture ta gefe, suna barbaɗa gishiri a kan titi, domin gishiri na hana ruwa saurin daskarewa. Kowane mai gida kuma wajibi ne ya share ƙofar gidansa da shebur, kada mai wucewa ya zame.

A cikin wannan hali yara ke fita makaranta, gari bai gama wayewa ba. Za ki ga yarinya da suwaita, da ƙaton kwat, da hular ulu, da safar hannu, da takalma masu dogon wuya, ba abin da a ke gani sai idanu da hanci. Su kan tsaya bakin hanya har bas ɗin makaranta ya zo. Launinsa rawaya ne, in kuwa ya tsaya ya kunna jar wuta, doka ce motocin da ke gaba da na baya su tsaya cik sai yara sun gama shiga. Wannan doka ta burge ni ƙwarai.

Cikin makaranta akwai ɗumi, don haka da shiga kowa sai ya tuɓe kayan nauyi ya sa cikin ɗan kabad ɗinsa na ƙarfe mai makulli, har da wayar hannu, domin a makarantar da na zauna ba a yarda a fito da ita cikin aji ba. Wani abin da ya bambanta da namu shi ne, malami ke da aji, yara ke zuwa wurinsa. Da an buga ƙararrawa sai farfajiya ta cika maƙil, kowa na sauri zuwa darasi na gaba. Da rana su ci abinci tare a babban zaure, wajen ƙarfe 3 a tashi, masu wasanni su tsaya.

Ranar da yara suka fi so duk shekara ita ce ranar da dusar ƙanƙara ta hana makaranta. Tun da dare za ki ga suna ta sauraron labarin yanayi. Ƙanana ma har camfi gare su: wai in yaro ya sa rigar barcinsa a bai-bai, ya ajiye cokali ƙarƙashin matashin kai, gobe ba makaranta. Da asuba shugaban makarantun gundumar ya kan yanke shawara, a aika wa iyaye saƙo ta waya, ko dai a jinkirta buɗewa da awa 2, ko a rufe ɗungum. A da, ranar da aka rasa haka sai a rama ta daga cikin hutu. Amma a 2019 jihar ta yi doka wadda ta yarda makaranta ta koyar da yara suna gida har kwana 5 a shekara, annobar korona ta 2020 kuwa ta sa kowa ya saba da karatu ta kwamfuta. Yanzu sau da yawa dusar ƙanƙara ta kan rufe ƙofar makaranta, amma malama ta biyo yaro har ɗaki ta intanet.

To, nan fa maganar ta ke. Ƙofar da darasi ya bi ya shiga gida, ita tsegumi ke bi. Yaran da sanyi ya kulle cikin ɗaki yini guda, ba dandali, ba gidan maƙwabta, ina za su yi hira in ba cikin waya ba? Malamar da ta sauke ni ta ce mini, a ganinta rigimar da ta fi ba su wuya ita ce wadda a ke ƙullawa cikin waya ran da ba makaranta, a zo da ita aji kashegari.

Ban daɗe ba sai na gani da idona. Wata yarinya ta zame a kan ƙanƙara a bakin hanya ta faɗi, wata ta ɗauki hotonta mai motsi ta aika wa ƙawaye da kalmomin ba'a game da jikinta. Kwana 2 ba makaranta, hoton na ta yawo, kowa na ƙara nasa. Ran da aka koma, yarinyar ta ƙi fita daga gida. Uwarta ce ta je ta gaya wa shugabar makaranta.

A nan zan amsa wa masu tambayar hukunci. Gaskiya ne ba bulala, domin Fensilbaniya ta hana duka a makarantun gwamnati tun 2005. Amma rashin bulala ba rashin horo ba ne. Ƙaramin laifi a kan tsare yaro bayan an tashi. Wanda ya fi haka a cire shi daga wasanni, ko a dakatar da shi daga kwana 1 zuwa 10. Korar da ta wuce kwana 10 kuwa ba a yin ta sai hukumar makarantun gunduma ta zauna ta ji ta bakin yaro da iyayensa. Tun 2008 doka ta wajabta wa kowace makaranta ta rubuta ƙa'idarta game da cin zali, har da wanda a ke yi ta waya, a 2015 kuma aka mai da muzguna wa yaro ta intanet laifin da a ke iya kai mutum gaban alƙali a kansa. Su waɗannan 'yan mata an kira iyayensu, an dakatar da wadda ta fara, an sa sauran sun ba da haƙuri. Amma abin da na lura, kafin shugabar ta yanke hukunci sai da ta yi ta tambaya: a ina aka aika, yaushe, ya hana wani karatu? Na ce, "Ranki ya daɗe, ai laifi a fili ya ke, mene ne na dogon bincike?" Ta yi murmushi ta ce in an tashi in tambayi malamata labarin Mahanoy.

Mahanoy ɗan gari ne a wannan yanki na kwal, ran Asabar kuwa malamata ta bi da ni ta cikinsa a mota tana ba ni labari. A 2017 wata 'yar sakandare ta can ta nemi shiga babban rukunin 'yan matan nan da ke kirari da tsalle-tsalle don ƙarfafa 'yan wasan makaranta, ba a ɗauke ta ba, aka bar ta a ƙaramin rukuni. Haushi ya kama ta. A ƙarshen mako, tana wani kanti, ba a makaranta ba, ta ɗauki hoto da alamar zagi, ta haɗa da ashar ga makaranta da wasanninta, ta sa a Snapchat, inda ƙawaye wajen 250 ke gani, saƙo kuma ya kan ɓace bayan awa 24. Amma kafin ya ɓace wata ta ɗauki hotonsa, har ya kai ga masu koyar da wasan. Aka cire ta daga rukunin shekara guda.

Iyayenta suka ce makaranta ta wuce gona da iri, suka kai ƙara, domin tsarin mulkin Amurka ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, tun 1969 kuwa Kotun Ƙoli ta ce ɗan makaranta ma yana da wannan 'yanci muddin bai hargitsa karatu ba. Magana ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli a Washinton. Ran 23 ga Yuni, 2021, alƙalai 8 cikin 9 suka ba yarinyar gaskiya. Ɗaya daga cikin hujjojinsu shi ne, yaro in yana makaranta malami na tsaye a madadin iyaye, amma in ya fita, galibi maganar ta koma hannun iyayensa. Suka ce kuma in makaranta za ta bi bakin yaro ciki da waje, to ta mallake shi ke nan dare da rana. Duk da haka ba su ɗaure hannun malamai gaba ɗaya ba. Inda aka sami cin zali mai tsanani, ko barazana ga malami ko ɗalibi, ko satar jarrabawa, makaranta na iya sa baki ko a gida aka aikata. Wannan ne ya sa shugabar ke ta tambayoyi.

Kada 'yan makaranta su ji wannan su ce an sami ƙofa. Wannan shari'ar ƙasarsu ce. Kuma ku duba, saƙon da aka yi nufin ya ɓace cikin yini ɗaya, shekara 4 aka yi ana karanta shi gaban alƙalai da 'yan jarida. A shekarar 2017 ɗin nan kuma Jami'ar Harbad, wadda ke cikin manyan jami'o'in duniya, ta janye gurbin ɗalibai aƙalla 10 da ta riga ta ɗauka, saboda munanan hotuna da barkwancin banza da suka yi ta aika wa juna a Facebook. Ba wanda ya kai su kotu, amma wahalar shekaru ta tafi a banza. Da ma Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Ta waya ma ta fi, domin ita kowa na iya ajiye nasa kofi.

Saboda haka, ƙannena 'yan makaranta, kafin ki danna, tambayi kanki abu biyu. Zan iya faɗin wannan gaban mai shi? Zan so a nuna wa mahaifiyata? In amsar a'a ce, ajiye wayar ki sha ruwa, haushi ya kan huce. In an turo miki hoton wulakancin wata, kada ki tura gaba, domin mai kai tsegumi da mai ƙulla shi duk abu guda ne. In kuwa ke a ke yi wa, kada ki ɓoye, gaya wa uwa ko malama.

Ku kuma iyaye mata, ku lura da abin da manyan alƙalan ƙasar da ta ƙago waɗannan na'urori suka ce: bayan an tashi makaranta, yaro na iyayensa ne. Mu malamai awa 6 ko 7 mu ke da shi, sauran naku ne. A da in yarinya ta shiga ɗaki hankalin uwa ya kwanta, yanzu kuwa kasuwa guda ce cikin tafin hannunta. Ba sai kin iya sarrafa wayar ba. Ki san su wa ta ke hira da su, ki sa lokacin ajiye ta da dare, ki kuma zama wadda za ta iya kawo wa kuka ba tare da tsoro ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin abincinsu da yadda matan can ke tafiyar da gida ba mai taimako. Allah ya shirya mana zuri'a, amin. Haza wassalam.